Na yi wa dashen ɓaure feshi sau biyu, amma ganyen sai ƙara ƙonewa yake yi

Mai Lambu, Argungu:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina da ɗan lambu a bakin fadama a nan Argungu, kuma a watan Oktoba wani abokina ya ba ni yankakkun rassan ɓaure guda 40. Ba ɓauren dajinmu ba ne, irin wanda Larabawa suke kira tin ne, wanda ake busar da 'ya'yansa a kawo mana daga Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Na dasa su a leda, 31 suka kama, suka yi ganye mai faɗi har raina ya yi fari. Tun tsakiyar Fabrairu, da sanyi ya janye zafi ya fara shigowa, sai na lura ganyen ƙasa suna yin ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa kamar an sossoke su da allura, daga nan ganyen ya dusashe, ya koma ruwan ƙasa, ya bushe daga gefe ya faɗi. Na ɗauki maganin da nake fesa wa wake, mai sinadarin saifametirin, na fesa musu sau biyu a cikin kwana goma. Maimakon sauƙi, abin ya haura har ganyen sama, kuma yanzu ina ganin wani siririn zare kamar saƙar gizo a tsakanin ganye da reshe. Ban ga tsutsa ba, ban ga fara ba, ban ga darɓa ba. Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka mini kafin in rasa su duka.

Mai Shagon Kayan Gona, Jega:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya kawo sauƙi. Ina zaton ko dai maganin da ka samu ya daɗe a ajiye ƙarfinsa ya ragu, ko kuma ka cika masa ruwa. Ka nemi maganin ƙwarin nan da ake kira lamda, sabo, daga hannun wanda ka amince da shi, ka ɗan ƙara awon, ka jiƙa ganyen sosai. Masu kuɓewa da yawa suna zuwa mini da irin wannan kuka a ƙarshen rani, kuma abin da nake ba su ke nan.

Malamin Gona, Birnin Kebbi:
Alhaji, da girmamawa, ina roƙon kada a ƙara awon, kuma kada a kawo lamda kusa da dashen nan, domin lamda da saifametirin 'yan gida ɗaya ne, abin da ɗaya ya jawo shi ɗayan zai ƙara. Malam Mai Lambu, kafin mu yi maganar magani sai mu tabbatar da abin da muke yaƙa. Gobe da safe ka samu farar takarda, ka riƙe ta a ƙarƙashin ganyen da ya fara ɗigo-ɗigo amma bai bushe ba, ka karkaɗa ganyen da yatsa sau uku ko huɗu. Ka kai takardar wurin haske ka zuba mata ido na ɗan lokaci. Idan ka ga wasu ƙananan ɗigo kamar garin barkono suna tafiya a hankali, ka murje su da yatsa ka ga ko za su bar tabo a takardar. Sannan ka juya ganyen ka duba bayansa kusa da jijiyoyi, da gilashin ƙara girma idan kana da shi, idan babu ka ɗauki hoto da waya a kusa ka buɗa shi. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.

Mai Lambu, Argungu:
Malam, na yi yadda ka ce. Wallahi takardar cike take da su, suna ta yawo, kuma da na murje sun bar tabo mai ruwan ganye, wasu ja-ja. A hotunan da na ɗauka na sa a nan, na ga wasu da baƙin tabo biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, da wasu ƙananan abubuwa masu sheƙi kamar ɗigon raɓa manne da bayan ganyen. Wata huɗu ina shayar da dashen nan safe da yamma, ban taɓa juya ganye na duba bayansa ba sai yau.

Malamin Gona, Birnin Kebbi:
To, alhamdu lillahi, mun gane shi. Wannan shi ne abin da manoma suke kira jan gizo-gizo, ko gizon ganye, masana kuma suna kiran mai tabo biyun nan Tetranychus urticae. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, wannan halitta ba ta cikin dangin ƙwari irin su fara da ƙuda. Danginta su ne gizo-gizo da kaska da ƙwayar da take haddasa ƙazuwa a jikin mutum, shi ya sa babbanta yake da ƙafa takwas, ba shida ba. Tsawonsa bai wuce rabin milimita ba. Yana zama a bayan ganye, yana soke shi yana tsotse ruwan da ke ciki, kuma kowane ɗigo da ka gani a saman ganye wurin da ya tsotse ne. Abubuwan nan masu sheƙi ƙwansa ne.

Dalilin da ya sa ya far maka yanzu, ba a watan Disamba ba, shi ne zafi da bushewar iska. Idan zafi ya kai wajen digiri 30, daga ƙwai zuwa babba mai yin wani ƙwan bai fi kamar mako guda ba, kuma mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har kusan ɗari a rayuwarta. Ka lissafa abin da hakan zai haifar a wata guda a Argungu, inda daga Maris zuwa Mayu zafin rana yake wuce digiri 40. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan ganye ita ma taimakonsa take yi.

Batun feshin da ka yi kuwa, shi ne ya fi damuna, domin kuskure ne da nake gani kowace shekara a gonakin rani. A kowane lambu akwai halittun da abincinsu shi ne wannan gizon: akwai wani ɗan'uwansa mai saurin gudu da yake farautarsa, akwai wata 'yar mitsitsiyar baƙar buzuzuwa da tsutsarta, akwai tsutsar wani koren ƙwaro mai fikafikai kamar raga. Saifametirin yana kashe waɗannan nan take, amma gizon da kake nema ba ya jin sa sosai, ƙwansa kuma yana nan lafiya. Wato ka kori masu gadi ka bar ɓarawo a cikin rumbu. Shi ya sa bayan feshi na biyu ya haura har sama.

Mai Shagon Kayan Gona, Jega:
Malam, na karɓi gyara a kan lamda, kuma na gode, domin yanzu na gane abin da ya sa wasu masu kuɓewar suke dawowa bayan mako biyu su ce abin ya ƙaru. Amma ban yarda a bar bawan Allah nan ba magani ba. Muna da abamektin a shaguna, wanda aka yi shi domin irin wannan, yana ratsa ganye ya kai ga wanda ke ɓoye a baya. Dashe 31 da suka riga suka fara zubar da ganye ba su da lokacin jira. Ni a ganina ya fesa shi yau.

Baba Manomi, Aliero:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na fi shekara arba'in ina noman rani, kuma wannan abu mun san shi a gauta da kuɓewa tun kafin a fara kawo mana waɗannan kwalabe. Abin da muka lura shi ne, duk yadda ya yi yawa a bazara, da zarar ruwan sama ya sauka sau biyu ko uku mai ƙarfi, sai ka neme shi ka rasa. Saboda haka ruwa ne maganinsa na farko. Mu kan barbaɗa toka da asuba, wasu kuma su jiƙa ganyen taba su yayyafa. Sannan ina da tambaya gare ka, ɗana Mai Lambu: me aka shuka kusa da inda ka jera ledojin nan, kuma an cire shi ko yana nan?

Mai Lambu, Argungu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Fadamar maƙwabcina ce a gabas da ni, ya yi gauta da kuɓewa, kuma a farkon Fabrairu ya gama tsinka ya daina ba su ruwa, ya bar karan a tsaye suna bushewa. Danga ce kawai ta raba mu, kuma ledojin da ke jikin dangar su ne suka fara nuna alamar.

Baba Manomi, Aliero:
To ka ga inda ya fito. Abincinsa ya ƙare a can, iskar gabas ta kwaso maka shi. Ka je ka sami maƙwabcinka cikin mutunci, ku tuge karan nan ku ƙone, ka ɗauke ledojinka daga jikin dangar.

Malamin Gona, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya saka da alheri, wannan tambaya taka ta fi duk bayanin da na yi amfani, domin ni ban tuna da maƙwabci ba. Gaskiya ne, idan ganye ya ƙare sukan taru a ƙarshen reshe iska ta ɗauke su, kuma suna bin tufafin mutum da kayan aiki. Maganar ruwa ma haka take. Inda zan roƙi Baba afuwa shi ne toka da taba. Toka a kan ganye ƙura ce, kuma ƙura ta fi cutar da masu farautar gizon fiye da shi kansa. Ruwan taba kuwa guba ne mai shiga ta fatar mutum, ba na so a saba wa yara masu taya aikin lambu da shi.

Ga abin da nake ganin ya dace, Malam Mai Lambu, tunda dashenka ƙanana ne kuma a leda suke, wanda hakan sa'a ce babba. Ka tsinke ganyen da ya riga ya koma ruwan ƙasa, ka zuba a buhu ka ƙone, kada ka jefa a kan taki. Ka sa safar hannu, ko ka yi aikin da yamma, saboda farin ruwan da ke fita daga ɓaure kamar nono yana ƙona fata idan rana ta buge shi. Sai ka karkata kowace leda, ka wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi daga famfon feshi wanda ka wanke shi tas, har zaren nan ya fita, domin zaren yana hana magani isa gare su. Bayan ganyen ya sha iska, ka haɗa ƙaramin cokalin shayi ɗaya na man dogonyaro, wato kamar mililita 5, da ɗan sabulun ruwa kaɗan a lita ɗaya ta ruwa, ka girgiza har ya yi fari, ka fesa daga ƙasa zuwa sama. Sabulu nake nufi, ba garin wanki ba, shi yana ƙona ganye. Idan man bai samu ba, ka daka ƙwallon 'ya'yan dogonyaro busassu kamar giram 50, ka jiƙa a lita ɗaya su kwana, ka tace da ƙyalle. Ka fara gwadawa a dashe biyu ka jira kwana biyu. Kada ka fesa da rana tsaka, sai bayan la'asar sakaliya, kuma ka maimaita duk bayan kwana biyar har sau uku ko huɗu, saboda ƙwan da ya tsira yau zai ƙyanƙyashe kafin mako ya zagayo.

Alhaji, ban ƙi abamektin ba. Na ajiye shi ne a matsayin mataki na biyu, idan bayan kwana goma takarda ta nuna ba su ragu ba. In an kai ga haka, a bi awon da ke jikin kwalba ba ƙari, a rufe hanci da hannu, kada a yi sama da sau biyu a jere, domin wannan gizon yana cikin halittun da suka fi saurin sabawa da magani a duniya. Kuma lambun a bakin fadama yake: abamektin yana kashe kifi da ƙudan zuma, kada a wanke famfo a inda ruwan zai gangara kogi. Mutanen Argungu sun fi ni sanin darajar kifi.

Hajiya Mai Renon Dashe, Yauri:
Sallama gare ku. Ni sana'ata renon dashen mangwaro da gwaiba da lemo, kuma shekara uku ke nan ina gwada wannan ɓauren. Ƙanena Mai Lambu, na buɗa hotunan da ka sa, kuma akwai abin da ba a taɓo ba. A hoto na uku da na biyar, sabon ganyen da ke fitowa ba ɗigo-ɗigon allura ne da shi ba. Dabbare-dabbare ne manya, kore mai duhu da kore mai haske da ruwan ɗorawa kamar zanen atamfa, kuma ganyen ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya girma. Na taɓa samun irin wannan, na wanke, na fesa dogonyaro har na gaji, bai canza ba. Malam, ba na jin wannan aikin jan gizo-gizo ne.

Malamin Gona, Birnin Kebbi:
Hajiya, idonki ya fi nawa, na koma na duba kuma kin yi daidai. Wannan alamar cutar dabbare-dabbaren ɓaure ce, wadda ƙwayar bairas take haddasawa. An fara bayyana ta a rubuce a Kalifoniya ta Amurka a 1933, a 1955 aka tabbatar da abin da yake yaɗa ta, amma ita ƙwayar kanta ba a tantance ta ba sai a 2009. Mai yaɗa ta wani gizon ne daban, Aceria ficus, wanda bai kai rabin wancan ba, dogo ne kamar tsutsa, ƙafarsa huɗu kacal, ba ya saƙa, kuma yana ɓuya a cikin toho da ganyen da bai gama buɗewa ba. Ido ba ya ganinsa, takarda ba za ta nuna shi ba. Sai dai a wannan hali na fi zaton cutar ta zo ne a cikin rassan tun daga uwar bishiyar, domin duk reshen da aka yanka daga bishiya mai ita yana ɗauke da ita. Babu maganin feshi da yake fitar da bairas daga jikin itace.

Amma kada hankalinka ya tashi, Malam Mai Lambu. Cutar nan tana ko'ina a ƙasashen da ake noman tin, kuma bishiyoyi da yawa masu ɗauke da ita suna girma su yi 'ya'ya idan sun sami ruwa da taki daidai. Alamar ta fi fitowa a ƙaramin dashe da ya wahala. Ni da zan bar su in kula da su.

Hajiya Mai Renon Dashe, Yauri:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Mai bishiya ɗaya a tsakar gida yana iya haƙuri da ita. Amma ƙanena ya faɗa a wata tattaunawar cewa niyyarsa ya raba wa mutane dashen, ya kuma riƙa yanka daga jikinsu yana ƙarawa. Wannan ɓaure sabo ne a wurinmu, waɗanda suke da shi a Kabi ba su da yawa, kuma duk abin da muka raba yanzu shi ne iyayen bishiyoyin da za a yi ta yanka nan gaba. Idan muka fara da mai cuta, mun gadar wa na baya ita. Ni nawa guda shida na tuge na ƙone, raina bai so ba, amma ba zan karɓi kuɗin mutum in ba shi abin da na san yana da aibi ba.

Ɗalibar Aikin Gona, Zuru:
Iyayena, ina neman izinin tambaya. Tunda an koya mana cewa wannan bairas ba ya bin iri, me zai hana a shuka ƙwayar 'ya'yan a huta? Sannan na karanta cewa farar wuta tana kashe ƙaramin gizon da ke cikin toho.

Malamin Gona, Birnin Kebbi:
'Yata, gaskiya ne ba ya bin iri, amma ɓauren da aka shuka daga ƙwaya ba ya ɗauko halin uwarsa, kuma kusan rabi sukan fito maza waɗanda ba a cin 'ya'yansu, sai mutum ya yi shekaru yana jira kafin ya gane. Farar wuta kuwa tana aiki, sai dai tana ƙona ganye idan zafi ya wuce digiri 32, kuma ba a haɗa ta da mai, sai an bar aƙalla mako biyu a tsakani. A Kabi a watan Maris, kuma ga shi za a fesa man dogonyaro, ba lokacinta ba ne. A ajiye ta sai sanyin Disamba.

Hajiya, hujjarki a kan rabawa ta fi tawa ƙarfi, na sallama cewa kada a yanki reshe daga mai alama, kada kuma a ba kowa shi. Inda har yanzu muka bambanta shi ne ƙonewa. Tunda rassan 40 daga wuri ɗaya suka fito, mai yiwuwa waɗanda ba su nuna alama ba su ma suna ɗauke da ita, don haka ƙone biyu ba ya tabbatar da tsarkin sauran. Ni dai na fi son a ware su nesa, a sa ido a kan duka har damina ta wuce.

Hajiya Mai Renon Dashe, Yauri:
In haka ne, to kada a raba ko ɗaya bana, har sai an ga sabon ganyen damina. A kan wannan na yarda. Masu alamar kuwa, da a lambuna suke, da ba su kwana ba.

Mai Lambu, Argungu:
Assalamu alaikum. Yau kwana 22 da fara wannan magana, na ga ya wajaba in dawo da bayani. Maƙwabcina bai yi musu ba, tare muka tuge karan gautar muka ƙone. Na mayar da ledojin ƙarƙashin rumfar zana a yammacin lambu, inda suke samun ranar safe kawai, na zuba buntun shinkafa a bakin kowace leda don ƙasar ta riƙe laima, kuma na dakatar da yuriyar da nake jiƙa musu, tunda Malam ya gaya mini ta waya cewa ganyen da ya sha naitirojin da yawa ya fi jawo gizon. Na wanke su, na fesa dogonyaro sau huɗu. A gwajin farko na cika mai, ganye uku suka ƙone, sai na koma awon cokali ɗaya daidai. Ban kai ga abamektin ba, Alhaji, amma na sayi ƙaramar kwalba na ajiye. Jiya na karkaɗa ganye goma a takarda, guda uku kacal na gani, kuma ɗaya daga ciki gudu yake yi ba irin tafiyar sauran ba, na bar shi ban murje ba.

Dashe huɗu sun mutu, 27 suna nan, yawancinsu sun fitar da sabon toho mai tsabta. Masu dabbare-dabbare sun zama biyar, ba biyu ba. Na kai su bayan ɗakin ajiya, na ɗaura musu jan ƙyalle, ban ƙone ba tukuna, kuma na sanar da waɗanda na yi wa alkawari cewa babu rabo bana. Abokina da ya ba ni rassan ya ce zai turo mini hoton ganyen uwar bishiyar ranar Juma'a, zan sa shi a nan Hajiya da Malam su duba.